Kafin A Zana Ɗaki Ko Ɗaya, A Fara Karanta Fili

Yawancin masu son gina gidan zamani da zai haɗe da filinsa, gilashi ne a ransu: bango guda daga daɓe har silin, ƙofa mai zamewa, lambu a gabanka kana zaune a falo. Gilashin nan kuwa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a yanke shawara a kansa. Abin da ke sa gida ya zauna daram a filinsa lamba ce guda da ake rubutawa a jikin zane, wato tsayin daɓen gidan idan an gwada shi da ƙasar da ke kewaye. Daga wannan lamba ake sanin inda ruwan sama zai bi, matakala nawa za a taka, bishiyar da za ta rayu da wadda za ta mutu, da yawan tifar ƙasa da za a fitar ko a shigo da ita. In aka kuskure ta, komai tsadar gilashin da aka sa ba zai gyara ba.

Saboda haka safiyo, wato mai awon fili, shi ne ke fara aiki. Takardar da ta nuna iyakokin fili kaɗai ba ta wadatar ba. Ana buƙatar awon tudu da kwari, mai layukan da ke nuna bambancin tsayi duk rabin mita, ko duk santimita 25 in filin shimfiɗaɗɗe ne. A sa wurin kowace bishiya da kaurin gindinta da faɗin rassanta, da duwatsun da suka leƙo sama, da tagogin maƙwabta, da tsayin titi da na kwatar da ke gaban filin. Kwatar nan ita ce mafitar ruwan gidan. In ta fi farfajiyarka tudu, ka sani tun yanzu cewa ruwanka a cikin filinka za ka san yadda za ka yi da shi. Bayan awo sai gwajin ƙasa. Ƙasar jigawa tana shanye ruwa nan take, laka kuwa tana kumbura in ta jiƙe, ta tsuke in ta bushe, kuma wannan motsin yana ɗaga harsashi yana sauke shi. A kuma je filin bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, domin hanyar da ruwa ya saba bi ba ta fitowa sosai a takarda.

Gidan Farnsworth da mai zanen gini Mies van der Rohe ya gina a jihar Illinois ta Amurka, aka kammala a 1951, darasi ne a kan wannan lamba. An ɗaga daɓensa kusan mita 1.6 a kan ginshiƙan ƙarfe saboda ambaliyar kogin Fox da ke gefensa. Duk da haka ruwa ya shiga cikinsa fiye da sau ɗaya, har da 1996 da 2008. Gine-ginen da aka yi ta ƙarawa a saman kogin sun rage ƙasar da ke shan ruwa, ambaliya ta wuce yadda aka san ta. Alamar ruwa mafi tsayi da aka taɓa gani a wuri, daga nan ake fara lissafi, sannan a ƙara a kai.

Gangare

A ɗauka gangaren fili kashi 10 cikin 100 ne, zurfin gidan kuma daga gaba zuwa baya mita 15. Bambancin tsayi tsakanin ƙarshen biyu mita ɗaya da rabi ke nan. Abin da ya fi wa ɗan kwangila sauƙi shi ne ya kawo katafila ya yanke tudu, ya cike kwari, ya baje wurin. Sai rabin gidan ya zauna a kan ƙasar asali mai tauri, rabi a kan ciko. Cikon zai yi ta nitsewa shekara da shekaru, ƙasar asali ba ta motsa ba, tsaga ta fito a bango daidai layin da suka haɗu. In ciko ya zama dole, a riƙa zuba shi kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daddanne da inji kafin a ƙara wani, harsashi kuma ya ratsa cikon ya sauka kan ƙasar asali. Amma a lura, mita ɗaya da rabi rabin hawa ne. Ana iya raba gidan gida biyu, falo da kicin a ɓangaren ƙasa, ɗakunan kwana a ɓangaren sama, matakala takwas ko tara a tsakani. Kowane ɓangare ya buɗe kai tsaye zuwa ƙasar da ke gabansa, ga shi an rage haƙa.

Inda aka yanke tudu dole a tare ƙasa da katanga, kuma ruwa ne ke kayar da irin wannan katanga fiye da nauyin ƙasar. Ruwan da ya taru tsayin mita 2 a bayanta yana tura kowace mita ta tsawonta da ƙarfin da ya kai kusan tan 2. Maganinsa tsakuwa mai faɗin santimita 30 a bayan katangar, bututu mai huji-huji na milimita 100 a gindinta da ke da mafita ta gaske, da ƙyallen tace ƙasa tsakanin tsakuwar da ƙasar don kada laka ta toshe ta. Katangar da ta haura mita ɗaya da 'yan kai aikin injiniya ce. A ganina gajeru uku masu santimita 60, da shuka a tsakaninsu, sun fi doguwa ɗaya kyau nesa ba kusa ba, kuma ana iya zama a kansu.

Bishiyar da aka tarar

Babu abin da ke haɗa sabon gida da wurinsa kamar tsohuwar bishiya, kuma babu abin da ake kashewa da sauƙi a wurin gini kamarta. Mutane suna zaton saiwa can ƙasa take nutsawa. Mafi yawan saiwoyin da ke shan ruwa da iska suna cikin santimita 60 na sama, kuma suna bazuwa har su wuce inuwar rassan. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya tana da sauƙin riƙewa: a auna kaurin gindi a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a bari ko ta wane gefe. In tef ya zagaye gindin ya ba da santimita 157, kaurinsa santimita 50 ne, don haka mita 6 daga gindin ba a taɓa ƙasa. Wannan ya haura murabba'in mita 110, shi ya sa dole ya shiga zane tun farko.

A kewaye wurin da shinge mai ƙarfi kafin motar farko ta shigo. Igiya ko jan ƙyalle ba sa hana kowa. Ma'aikata inuwa suke nema, can za su jibge bulo da yashi, can za a ajiye tifa, can za a wanke injin kwaɓa siminti. Nauyi yana danne ƙasa ya kore iskar da ke cikinta, ruwan siminti yana ƙona saiwa, ciko ko na santimita 15 ne a kan saiwoyin yana iya shaƙe su. Abin takaicin shi ne bishiyar ba ta mutuwa a lokacin. Sai bayan shekara biyu zuwa biyar rassan sama su fara bushewa, lokacin an sallami kowa, baranda da aka zana domin inuwarta ta koma cikin rana. In dole gini ya shiga da'irar, a ɗora shi a kan ginshiƙai ɗai-ɗai da aka haƙa da hannu, daɓen ya ratsa sama bai taɓa ƙasa ba. Ramin bututun ruwa da na wayar lantarki ma su zagaye da'irar, domin dogon rami ɗaya kusa da gindi yana iya datse kusan rabin saiwoyin.

Sabuwar shuka kuma da girman da za ta kai ake lissafi. A ƙasar laka, itace mai tsotsar ruwa da yawa irin turare yana busar da ƙasar ƙarƙashin harsashi har ta tsuke, don haka a nisanta shi da gini aƙalla gwargwadon tsayin da zai kai in ya girma.

Dokin ƙofa

Burin kowa shi ne daɓen falo ya zarce waje babu tudu babu kwari. Ƙa'idar gini ta asali kuma cewa take ƙasar waje ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da shimfiɗar hana danshi da ke cikin bango, don feshin ruwa kada ya haura ta. Waɗannan biyun sun ci karo, kuma a 'yan santimitan nan ne yawancin irin waɗannan gidaje ke yoyo.

Ana iya yi, amma sai abubuwa da dama sun haɗu. Siririyar magudana mai murfin ƙarfe ta bi faɗin ƙofar gaba ɗaya, a haɗa ta da bututu mai mafita, murfin kuma ya zama ana iya ɗaga shi a kwashe ganye da ƙasa. Daɓen waje ya karkata daga gidan kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita; ido ba ya ganin wannan, ruwa kuwa yana bi. Shimfiɗar hana ruwa ta shiga ƙarƙashin firam ɗin ƙofar ta naɗo sama ta ciki, tun kafin a ɗora ƙofar. Rufi ya fito ya rufe wurin. Dabarar da ta fi tsafta ita ce a saukar da kankaren waje santimita 10 zuwa 15 ƙasa da na ciki, a ɗora tayil mai kaurin milimita 20 a kan ƙananan ƙafafun roba da ake murɗawa a daidaita tsayinsu, a bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin tayil da tayil. Sama ya zo daidai da falo, ruwa ya zurare ta tazarar ya gudu a ƙarƙashi. Inda ƙasa ce zalla ke jikin gini, ta gangara santimita 15 cikin mita 3 na farko, kamar yadda ƙa'idar gina gidajen zama ta Amurka ta tanada.

Kankaren ciki da na waje kada a zuba su a haɗe. Na waje yana shan rana da sanyi yana miƙewa yana tsukewa, zai tsage a bakin ƙofa, a ƙasashe masu sanyi kuma zai riƙa janye ɗumin ɗaki har raɓa ta kwanta a daɓe. Tayil ma launi ɗaya za a nema amma fuska biyu, na waje mai kaushi, wanda a ma'aunin Jamus ake rubuta masa R11. Mai sheƙi in ya jiƙe tarko ne.

Akwai kuma bim, wato dogon kankare ko ƙarfen da ke gicciye a saman ƙofar yana ɗaukar nauyin da ke bisansa. Buɗaɗɗen wuri mai mita 6 ko 7 babu ginshiƙi yana sa bim ya lotsa, kankare kuma yana ci gaba da lotsawa a hankali shekaru bayan an cire katako. Ƙofa mai zamewa 'yan milimita kaɗan take jurewa kafin ta fara cijewa. A karɓi adadin daga kamfanin ƙofar a miƙa wa injiniya tun yana lissafi, a kuma bar 'yar tazara a saman firam. Ko Fallingwater, gidan da Frank Lloyd Wright ya zana a 1935 a kan wani rafi mai gangarowa daga dutse a jihar Pennsylvania, wanda dutsen wurin ya ɓullo ta daɓen falonsa a gaban murhu, bai tsira ba. Barandarsa da ta miƙe babu tokari ta sunkuya kusan santimita 18, sai a 2002 aka ɗaure ta da igiyoyin ƙarfe ta ciki.

Rana da iska

Yanzu an zo kan gilashi, kuma tambayar ita ce ina zai fuskanta. Tsayin rana da tsakar rana ana lissafa shi: a ɗauki digirin nisan wurin daga ikweta, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, a cire shi daga 90, a ƙara 23.5 don tsakiyar lokacin zafi, a rage 23.5 don tsakiyar lokacin sanyi. A wurin da ke digiri 40 arewa, rana tana kai wa digiri 73.5 ranar 21 ga Yuni, ta sauko 26.5 ranar 21 ga Disamba. Gilashi mai tsayin mita 2.4 da ke kallon kudu, rufin da ya fito santimita 71 zai rufe shi duka a Yuni, a Disamba kuwa santimita 35 na sama kawai zai rufe, rana ta shiga ta ɗumama ɗaki. Tunda a can zafi yana kai wa Agusta lokacin da rana ta fara saukowa, gara a kai shi kusan mita ɗaya. A kudancin duniya lissafin juyawa yake, a yankunan da ke kusa da ikweta kuma rana tana ketarawa arewa da kudu cikin shekara, bangon biyu duk suna son rufi.

Yamma ce mai wuya. Rana in ta sauko digiri 20, rufin da zai kare wannan gilashin sai ya fito fiye da mita 6. Ba mai gina haka. Sai dai a rage tagar, ko a sa faifai a tsaye a waje, ko a bar bishiya ta yi aikin. Labule yana tare haske, amma zafin ya riga ya ratso gilashi. In abin kallon da ya fi kyau yana yamma, a yanka masa taga madaidaiciya a cikin bango mai kauri, manyan ƙofofin su kalli wani gefen.

Iska tana son mashiga da mafita. Ɗakin da ke da taga gefe ɗaya yana samun iska zuwa zurfin da ya ninka tsayin silin kamar sau biyu da rabi, mai tagogi a bango biyu masu fuskantar juna kuwa har sau biyar. Wannan ne ya sa siririn gida mai lanƙwasa, ko mai fili a tsakiya, ya fi dunƙulallen gida jituwa da waje: kowane ɗaki yana da fuska biyu. Baranda kuma in ba ta kai mita 2 ba hanyar wucewa ce kawai, teburin cin abinci da kujeru yana son mita 3 zuwa 3.5. Sai dai mai zurfi haka tana duhunta falo, don haka a buɗe siririyar taga a saman rufinta.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne a zaune ake kallon waje. Idon mai zama yana wajen mita 1.2 daga daɓe, makarin baranda kuma yana kai wa mita 1 zuwa 1.1, sai ya datse abin kallon a tsakiya. In aka saukar da barandar taki biyu ko uku, makarin zai faɗa ƙarƙashin layin ido. Kafin a zuba harsashi a kafa turaku a ja igiya a filin, a kawo kujera a zauna inda falo zai kasance, safe da yamma. Tun ran gini tun ran zane.

Ruwan rufi

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 200 a ruwan milimita 30 zai zubo da lita 6,000, wani lokaci cikin sa'a guda. In babu inda aka tanadar masa, gindin bango zai nufa. Ramin tsotse ruwa ya nisanci gini aƙalla mita 5. Kwarin shuka da ake tara ruwa a ciki, mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ya nisanta mita 3, kuma ya shanye cikin kwana ɗaya zuwa biyu don kada sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Gwajinsa a haƙa rami a cika da ruwa, ya tsotse, a sake cikawa a duba agogo. Kowane tanki da kowane kwari ya samu hanyar da rara za ta bi ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa, hanyar kuma ta kauce wa gidanka da na maƙwabci.

Shuka a kan rufi tana da kyau, musamman inda ake hango rufin daga bene ko daga tudu, amma nauyi ce. Mai ƙasa santimita 6 zuwa 15 tana kai kilo 60 zuwa 150 a kowane murabba'in mita in ta jiƙe. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar hana ruwa, makarin saiwa, shimfiɗar zurarar da ruwa da ƙyallen tacewa. A toshe mafita a tara ruwa a rufin kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba ƙasa, domin neman yoyo bayan an shuka yana nufin kwashe komai.

A ƙasa ma kada shuka ta manne da bango, duk da cewa haka aka fi so a hoto. Ban ruwa kullum a gindin gini yana kawo danshi, yana kuma ɓoye hanyar gara. A bar zirin tsakuwa mai faɗin rabin mita, gefen kankaren daɓe ya fito fili kamar santimita 7 ko 8 don a riƙa dubawa. Daga cikin ɗaki ba a ma ganin zirin. Ƙasar sama da za a yi shukar da ita kuwa, santimita 15 zuwa 30 na farko, a kankare ta tun ranar da aka fara aiki a tara ta gefe, kada a haɗa ta da jar ƙasar rami.

Da dare gilashin nan madubi yake komawa in ciki ya fi waje haske, mai gida ya riƙa kallon kansa. 'Yan fitilu marasa ƙarfi masu launin ɗumi, a kan gindin bishiya ko katangar ƙarshen lambu, sun isa su dawo da waje cikin ɗaki. Da rana kuma tsuntsaye ne ke ganin bishiya a jikinsa su yi karo da shi. Ɗige-ɗige a fuskar waje, tazarar santimita 5, suna rage wannan sosai. Fitilun nan da famfon lambu da bututun ban ruwa duk suna buƙatar hanya a ƙarƙashin daɓen waje, don haka kafin a zuba kankare ko a jera dutse a binne bututu biyu na milimita 100 babu komai a ciki, a ƙarƙashin kowace hanya da kowace baranda, a toshe bakinsu, a zura igiya a ciki, a kuma rubuta wurinsu a jikin zane tare da awo daga kusurwar gini.